Gafaru Ya Dasa Rasberi a Maamobi

Shekara guda bayan shekarar yunwa, tun mutanen unguwarmu Maamobi, a Accra, ba su gama maido da naman wuyansu ba, ƙanen mijina Gafaru ya gano abin da ya rage wa Zango. Masara da rogo ba sa cikin lissafinsa. Abin da muka rasa, in ji shi, rasberi ne, wani ɗan itace na Turawa da ba a ba kowa sai jakada da matar jakada. Ya ce ranar da ya fara 'ya'ya a bayan gidanmu, motocin manyan otal za su yi layi tun daga bakin gota, babbar kwatar unguwa, har titin Nima, direbobi na roƙon a auna musu ko cikin gwangwanin madara ne.

Ga yadda ya same shi. Gafaru ya yi wata biyar yana gadin ƙofar wata tsohuwar Baturiya a kan tudun Aburi, inda sanyi ke sa mutum neman bargo. Wata biyar ɗin nan su ne aiki mafi tsawo da ya taɓa riƙewa, shi ya sa a bakinsa suka zama shekara bakwai, shi kuma ya tashi daga maigadi ya koma manajan lambu. Da tsohuwar za ta koma ƙasarsu, ta ce ma'aikata kowa ya ɗauki abin da yake so. Kuku ya kwashe tukwane. Direba ya ɗauki keke. Mai wanki ya ɗauki dutsen guga da barguna biyu. Gafaru ya dube su ya girgiza kai don tausayin gajeren tunaninsu, ya saɓi diga ya nufi wasu sanduna masu ƙaya da ke jingine da waya a bayan kicin. Da rani ya kama aikin, da rani ya bar shi, saboda haka bai taɓa ganin 'ya'yan abin a jikin uwarsu ba. Amma ya taɓa lasar gindin kwalbar da ake dafa su da sukari a zuba, kuma ya taho da kwalbar a aljihu don shaida.

Trotro, wato motar haya, na farko ya sauke shi a unguwar Madina, bayan ƙaya ta cire wa wata mata ɗankwali ta miƙa shi ta taga. Na biyu ya sauke shi kafin Kawukudi, bayan ta yi wa wandon wani malamin makaranta ƙofa ta baya. Sauran hanyar da ƙafa ya ƙarasa, dami a ka, fuska duk yaƙushi kamar wanda ya raba faɗan kyanwoyi. Ya shigo gida ya dire kayan a tsakar gida, ya ce mu zo mu ga arziki.

Gidan da muke haya na Hajiya Amama ne, tsohuwar 'yar kasuwar goro, wadda ta je Makka sau biyu kuma ba ta yarda wani ya riga ta komai a layinmu. A bayan gidan, tsakanin katanga da wurin wanka, akwai 'yar ƙasa da ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A Maamobi ƙasa mai wannan faɗi da ba a dasa mata ɗaki ba abin a zo a gani ce. Shekara shida ina shuka ayoyo, wato lalo, a wurin, da yakuwa, da 'yar kuɓewa a gefe, ina ba su ruwan alwala da na wankin shinkafa. Ayoyon nan shi ne miyar tuwo zafin da nake sayarwa a ƙofar gida. Mijina, Baban Lami, direban babbar mota ne a hanyar Bawku, sai ya yi mako biyu ba mu gan shi ba, kuma a shekarar yunwa ganyen nan ne ya riƙe mini 'ya'ya huɗu da izinin Allah.

Wannan ƙasar Gafaru ya hango. Bai zo wurina ba, ya san amsar. Ya yi wanka ya shafa turare ya je ya durƙusa gaban Hajiya, ya shaida mata cewa gidanta zai fito a jarida, gida na farko a duk Zangon Accra da ya haifi rasberi, har da hotonta a tsakiya. Ba a yi rabin sa'a ba aka aiko kirana. Hajiya ta ce ta ba Gafaru wurin daga yau har ƙarshen shekara. In ta sa ɗan itacen a bakinta kafin lokacin, wuri ya zama nasa har abada. In ba ta sa ba, ya dawo hannuna. Na tambaye ta miyar 'ya'yana fa. Ta ce kasuwar Nima ba ta ƙaura ba, in je in sayi ayoyo kamar kowa.

Ranar na tsinke ganyen kakaf, na shanya wanda zai shanyu, Gafaru na tsaye a kaina yana cewa in yi sauri, baƙon Turai ba ya son jira.

Bai dasa ranar ba kuwa. Ya bar baƙon Turai a rana kwana uku, sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da tsakar rana, lokacin da ya tabbata za a samu 'yan kallo. Aka samu. Jamiu mai aski ya rufe rumfarsa ya zo. Asana mai koko ta zo, akuyarta na biye. Mba Ziblim ma ya fito, dattijon Dagomba da ke ɗakin ƙarshe, wanda ya shekara talatin yana noman kabeji da latas a bakin rafin Dzorwulu.

Damin kashi biyu ne. Akwai manyan sanduna masu kauri, masu launin toka, ɓawonsu na ɗaɗɗagowa. Akwai ƙananan tsiro kore, sirara, da suka fito daga gindi. Mba Ziblim ya tsuguna ya kankare babba ɗaya da farce, ya kankare ƙarami, ya ce shi bai san wannan itace ba, amma ya san itace.

"Manyan nan sun gama aikinsu, Gafaru. Ƙananan ne masu rai. Ka jira yamma ka dasa su, da ƙasarsu a jiki."

Gafaru ya dubi jama'a don kada wani ya rasa amsar. "Mba, a garinku yara ake zaunarwa a kan buzu a bar dattawa a tsaye?"

Jamiu ya ce wallahi Manaja ya san ladabi, a bar shi. Daga ranar sunan ya bi shi. Manaja ya zaro wuƙa ya yanke ƙananan ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu faɗan rashin kunya da tsirowa a gaban manya, ya watsa su gefe. Akuyar Asana ba ta tsaya jin tarihin Turai ba, ta cinye su tas. Har yau ita kaɗai ce a Maamobi za ta iya rantsewa ta ci rasberi.

Sai ya ɗebi manyan ya kai bakin famfo, ya karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwoyin, ya ɗauko sabulun salo da soso ya hau cuɗa. Na ce masa, "Ƙaramin maigida, wankan gawa ne ko na amarya?" Ya ce in taɓa ganin Bature da datti a ƙafa in zo in gaya masa. Mba Ziblim ya sake buɗe baki, Gafaru ya tare shi da cewa noman kabeji a bakin ruwan wanki daban, ilimin lambu daban. Dattijon ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce ya rantse ba zai ƙara ce wa Gafaru uffan kan shuka ba sai in Gafaru ne ya roƙe shi. Gafaru ya ce to Mba ya shirya yin shiru har tashin duniya.

Sanduna tara ya kafa. Ya jera su sahu biyu, mafi kauri shi kaɗai a gaba kamar liman, ya tattake ƙasar da ƙafa har ta yi tauri kamar daɓe. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu, ya ce wanda bai taɓa zuwa London ba ya kalla da kyau.

Cikin kwana uku 'yan ganyen da suka rage suka zube. Ya ce al'adarsu ce, itatuwan Turai sukan tuɓe in lokacin sanyinsu ya zo, kuma laifin Accra ne da ba ta kawo sanyin ba. Don haka ya ɗauki nauyin kawowa. Akwai wani ɗakin sanyi a kasuwa da ake ajiye kifi, ya shirya da mai share wurin yana ba shi ragowar ƙanƙarar da aka kwashe kifi daga kanta. Kullum da hantsi sai ga Manaja da buhu a ka yana ɗiga, ya zo ya jera wa kowace sanda nata. Ƙanƙara ta narke, ƙarnin ya zauna. Kyanwoyin Maamobi suka fara zuwa, na Nima suka ji labari suka tsallako gota. Ƙudaje kuwa ba a maganarsu. Asana ta zo tana faɗa, wai masu sayen kokonta na tambaya ko ta fara zuba kifi a ciki. Gafaru ya ce mata duk wata babbar ƙasa da ta ci gaba, da wari ta fara.

Da ya ga rana na cinye masa ƙanƙara, sai ya bi gida yana tattara lema. Ya ɗauki tawa, ya ɗauki ta Asana, ya lallaɓa ya karɓi ta Hajiya da ta zo da ita daga Makka, ya ɗaura wa liman. Sannan ya rataye rediyo a katanga, safe da yamma yana murɗa musu labaran Turanci don kada su yi kaɗaici. Jamiu ya leƙo ya tambaya ko shayinsu da madara suke sha ko baƙi, don ya sa matarsa ta riƙa aikowa. Gafaru ya amsa masa da gaske cewa sai sun yi ganye tukuna.

Wata biyu sanduna na tsaye yadda aka kafa su, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, sai ɓawo da ke zuba. Na fara ƙirga watannin da suka rage a zuci. Ruwan sama ya sauka, ko ciyawa ba ta yarda ta fito a wurin ba. Nan Manaja ya gano ciwon: kewar gida ce. Ya hau trotro ya koma Aburi ɗebo musu ƙasarsu ta haihuwa. Daga baya muka ji cewa sabon mai gidan ya ajiye kare mai girman ɗan maraƙi, Gafaru ko ƙofa bai taɓa ba. A bakin hanya ya tsaya, ya kutsa cikin daji ya cika buhu uku da baƙar ƙasa. Mu dai ya ce mana daga ainihin ramin da ya tono su ya ɗebo, har sabon Baturen ya taya shi riƙe bakin buhu.

Bayan mako biyu da zuba ƙasar, wani abu kore ya ɓullo a gindin liman. Washegari ya ɓullo a gindin mamu. Kafin mako ya zagayo ya fara naɗe sandunan yana hawa. Ganyensa uku-uku. Gafaru ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce haka na madam, tsohuwar Baturiyar nan, yake, uku-uku ba ragi. Ya fita ba takalmi ya sanar da layinmu, ya tsallaka Nima ya sanar da waɗanda ba su tambaya ba. Ya tsaya a ƙofar Mba Ziblim ya yi tari sau biyu. Dattijon ya ci gaba da wasa laujensa.

Ranar ya samo tsofaffin kwanon rufi ya kewaye wurin, ya yi ƙofa ya sa kwaɗo. Ya ce saboda ido, musamman idon masu miyar ayoyo da na manoman kabeji.

Ba zan ɓoye ba, na fara tsoron wurin ya tafi ke nan. Abin na girma kamar ana jan sa da igiya. Ya rufe sandunan, ya rufe lemomin, ya hau katanga, ya haye rufin wurin wanka, ya kama igiyar shanya. Ni kuwa ayoyon kasuwa nake saye, wanda ya kwana ya yi laushi, miya ta daina yauƙi, masu cin tuwona suka fara wucewa suna gaishe ni daga nesa. Wata rana da tuwon da ya yi kwantai muka yi kalaci, muka yi abincin rana. Ban taɓa roƙon Allah ya kashe wa Gafaru shukarsa ba. Na dai riƙa roƙon a ba mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma Wanda nake roƙo ya san wa nake nufi.

Bayan ƙaramar damina ya yi fure, baƙi-baƙi mai ruwan makuba, yana reto kamar 'yan kunne. Furen ya zube, sai ga kwanso dogaye kamar yatsa, a lanƙwashe, jikinsu duk gashi mai launin tsatsa. Jamiu ya ce a kawo kwalbar nan a gwada. Aka kawo. A jikin takardar kwalbar 'ya'yan jajaye ne, a dunƙule. Jamiu ya dubi hoton, ya dubi abin da ke leƙowa ta kan kwano, ya ce ko dai uwar ta yi cikin shege ne. Gafaru ya yi dariyar masu ilimi, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an zana ɓawon gyaɗa a jikin kwalbar man gyaɗa. Turawa sai sun ɓare suke ɗaukar hoto. Gashin kuwa, kuku da bakinsa ya gaya masa rasberi na da gashi-gashi.

A makon ne Mba Ziblim ya tsaya wurin tuwona, ya bari mutane suka ragu, ya ce ya yi rantsuwa kan Gafaru amma bai yi a kaina ba. Abin da ke bayan gida karara ce. A dajinsu ko saniya ta hango ta sai ta sake hanya. Da zarar kwanson ya bushe, gashin nan in ya taɓa fata, mutum sai ya yi fatan a feɗe shi. Ya ce in kawar da yara.

Na kawar da su, na koma yi musu wanka a ƙofar ɗaki. Sannan na je na gaya wa Gafaru, don kada a tambaye ni ranar gobe. Ya saurara har na gama, ya ce, "Matar Yaya, da ni ke sayar da tuwo, ni ma abin da zan faɗa ke nan." Na sake gaya masa bayan kwana biyu, ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Na uku na same shi yana cin tuwona, wanda bai taɓa rasa yauƙi a bakinsa ba, na ce wannan ne na ƙarshe, na sauke nauyi. Ya ce in ƙara masa miya. Na je wurin Hajiya ma. Ta ce ta ji, amma ai kowa ya san wanda zai ci riba in abin ya lalace. Ta faɗi haka ne tana kallon bayan gida, ta daɗe ba ta ɗauke ido ba.

Masu shiga wanka suka fara fitowa suna susa. Gafaru ya ce ruwan famfon bana ne.

Ya sa ranar girbi Lahadi bayan la'asar, saura mako biyu shekara ta ƙare. Ya aro bencuna daga makarantar allo, ya jera su a bayan gida bayan ya cire kwanon rufin. Ya gayyato Malam Imurana limamin layinmu don addu'a, da dattawan unguwa, da mai hoto. Ya tsara zama da kansa: manya a gaba, dab da shukar, matasa a baya, mata da yara can bakin zaure. Ban taɓa jin daɗin a mayar da ni baya kamar ranar ba. Hajiya aka kafa wa kujera a tsakiya. Mba Ziblim ya ce ƙafarsa na ciwo, tsayuwa ta fi masa, ya tsaya inda iska ke fitowa.

Sai ga Manaja cikin farar babbar rigar Baban Lami ta Sallah, wadda na wanke na kai bugu na ninke a akwati. Yadda ya buɗe akwatin, Allah ne masani. Ya yi jawabi. Ya faɗi shekarunsa a Aburi, waɗanda ranar suka kai tara. Ya ce an yi masa dariya, an yi masa baƙin ciki a cikin gidan da yake kwana, amma shi ya yafe, domin jahilci ba laifin mai shi ba ne. Ya ce wa mai hoto ya shirya.

Ya kutsa cikin ganyen, ya kama reshe ya jijjiga don na sama su sauko. Wata 'yar ƙura mai ƙyalli ta tashi ta bi iska zuwa bencin gaba. Ya tsinko kwanso da hannu biyu yana tarawa a gaban riga, waɗanda suka faɗa wuyansa ya ce albarka ce. Ya zaɓi mafi girma, ya goga a ƙirji yadda ya ga madam na goge tuffa, ya durƙusa ya miƙa wa Hajiya, ya ce babba ke buɗe hanya.

Hajiya ta sayar da goro shekara arba'in, ba ta taɓa sayen huhun da ba a buɗe a gabanta ba. Ta naɗe hannuwanta cikin mayafi.

"Mai girki ke fara ɗanɗana gishiri, ɗana. Bisimilla."

Ya juya ya fuskanci mai hoto, ya sa kwanson a baki, ya fasa da haƙori.

Zan ba shi haƙƙinsa, ya yi ƙoƙari. Ya tauna sau biyu. Ya ce yana da ɗan yaji-yaji, haka na asali yake. Ya sa yatsa ɗaya ya sosa wuya cikin natsuwa, kamar mai tunani. Ya ce a Turai ma... sai ya sosa ƙirji. Leɓensa ya fara kumbura, maganar ta fara fita ta gefe. Ya ce Malam ya yi addu'a tukuna, shi zai ɗan gyara riga.

Malam Imurana, wanda addu'arsa ta suna kan kai abinci ya huce, ya ɗaga hannu, ya sauke ɗaya ya sosa gemu, ya mayar, ya sauke ɗayan. Ban taɓa jin an kai ƙarshen Fatiha da irin wannan sauri ba. Kafin a shafa, bencin gaba duk ya ɗauka. Dattawan da ba su taɓa ɗaga murya a gaban mata ba suna ta cusa hannu cikin wuyan riga, wani ya cire hula yana dirzar sanƙo, wani ya karɓi sandar maƙwabcinsa ya zura ta baya. Mai hoto ya ajiye akwatin hotonsa a ƙasa don ya samu hannu biyu.

Gafaru ya tuɓe babbar riga ya yar. Ya tuɓe 'yar ciki. Ya manna bayansa da katanga yana gurzawa sama da ƙasa yadda akuyar Asana ke yi, ita kuwa tana tsaye tana kallonsa. Jamiu daga can baya ya tambaya ko rawar girbin Turawa ce, a kira masu kiɗa. Manaja ya bar katangar. Ya ratsa mata ya yi zaure, ya faɗa ƙarƙashin famfon layi, famfo ya ce yau ba ranarsa ba ce. Ya miƙe ya bi layi a guje da gajeren wando, yana marin jikinsa, yara na biye, masu shago na fitowa, har masu jiran trotro a titi suka bar layinsu suka zo kallo. A bakin gota ya tsaya yana duban ruwan, kuma duk wanda ya san gotar Nima ya san abin da ya kai mutum ya dube ta da sha'awa ba ƙarami ba ne. Samari biyu suka riƙo shi suka dawo da shi.

Aka kwantar da shi a tsakar gida yana birgima. Ya hango Mba Ziblim, ya miƙa hannu, da leɓen da ya kai girman ƙosai ya ce Mba ya taimake shi don Allah.

Dattijon ya matso a hankali. "Roƙona kake yi, Gafaru?"

Gafaru ya ɗaga kai ya sauke, ya ɗaga ya sauke.

"To, yanzu zan iya magana."

Ya ce kada a sa ruwa, a kawo manja da toka. Na kawo manjan miyata, Asana ta kwaso tokar murhunta. Aka shafe Manaja tun daga goshi har tafin ƙafa, aka barbaɗe shi, aka kankare da bayan wuƙa, aka sake shafawa. Da aka gama ya zama kamar kifin da za a soya. Dattawa suka bi layi kowa ya karɓi nasa rabon manjan, babba kafin ƙarami.

Hajiya ba ta tashi daga kujera ba sai da aka natsa, tana sosa idon sawu da ɗaya ƙafar. Ta ce a shaida bakinta bai ci komai ba, kuma ba ta da niyyar ya ci. Wuri na Maman Lami ne. Wanda ya kawo baƙon shi zai raka shi, da hannunsa, kafin Juma'a. Ta ƙara da cewa in hoton nan ya fito a jarida, mai hoto ya nemi wata unguwar.

Da buhunan gari a hannu da ƙafa Gafaru ya share wurin, Mba Ziblim na tsaye daga nesa yana nuna masa da sanda. Sandunan tara suka fito ba gardama, ba saiwa ko ɗaya, gara ta riga ta yi musu sallama tun tuni. Aka tara aka ƙone. Rigar Baban Lami sai da na dafa ta sau uku, kuma ranar Sallah na lura yana yawan ɗaga kafaɗa.

Da ruwan fari ya sauka na watsa irin ayoyo. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba, ganye kamar tafin hannun yaro, kore shar, in na tsinka yau jibi ya mayar. Mba Ziblim ya ce haka karara take, dangin wake ce, duk muguntarta takan bar wa ƙasa maiƙo. Miya ta dawo da yauƙinta, masu gaisuwa daga nesa suka dawo benci, har da waɗanda ban sani ba.

Wata safiya ina kwasar tuwo na ji murya a ƙarshen benci tana yi wa baƙi bayani. Wai dabarar Turawa ce, shekara guda ake ba ƙasa abinci kafin a nemi ta ba da nata, shi ya tsara abin tun daga farko, amma a Zango in ka yi wa mutane alheri sai ka bi ta bayan gida. Ya ce yanzu da ƙasar ta gyaru, tuffa yake tunani, ya san wani Bature a Aburi.

Na ɗauki kwanonsa na cika da tuwo, na malala miya har baki, na dire masa a gaba. A iya sanina, lokacin da Gafaru ke haɗiya ne kaɗai ƙasar Allah ke samun hutu.